Ƙofar Gwaggo da Kaset ɗin Accra

Har gobe gwaggona, yayar babana, tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa ita ce ta gano ni. Wai ita ta fara jin muryata ta ce yarinyar nan za ta yi waƙa, kuma ita ta fara miƙa mini makirfo. Na biyun gaskiya ne. Na farkon kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma na gaji da yaƙe haƙora idan tana shirga ta a gaban baƙi. An ce ta tsufa, in bar ta ta ci albarkacin furfura. Na bar ta shekara da shekaru. Yanzu ni ma zan faɗi nawa.

A Zangon Lome na lokacin da nake budurwa, matan gidanmu ba sa rubuta wasiƙa, kaset suke aikawa. Yayata tana aure a Accra, kuma kaset ɗaya tal muke da shi tsakaninmu da ita. Idan ya zo mu saurara, mu ɗauki amsa a kan muryarta, mu ba wani direban motar goro ya mayar. Ita ma ta saurara ta ɗauki tata a kan tamu. Fuskar farko ta manya ce. Bayan kaset ɗin na yara ne, kuma yawanci ba mai sa komai a ciki sai tari da dariya.

Ni ce mai danna rikoda, domin ni ce na yi lekol, wato makarantar boko, na san jan maɓalli da baƙi. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ajiye rikodar a kan kujerar tsugunno, mata su kewaye ta. Akwai tsohuwar da ba ta magana sai ta gyara mayafi, wai surukai za su ji. Gwaggo ce kullum ke buɗewa, ita ce ke rufewa, kuma tsakanin buɗewar da rufewar ma rabin zancen nata ne. Tana magana tana kallon yatsuna. A lokacin na ɗauka tsoron na'urar take yi.

A wutsiyar wannan kaset ɗin na fara jin rap. Wata rana saƙon Yaya ya ƙare da wuri, mata suka watse, na bar shi yana juyawa ina naɗe tabarma. Sai ga ragowar wani abu da wani a gidan mijinta ya taɓa ɗauka, bai gama gogewa ba: ganga mai nauyi, da muryar mace tana zuba Ingilishi da sauri, ba rera ba, ba kuka ba, ba roƙo ba. Ko minti ɗaya bai kai ba. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma na san faɗa take yi, kuma na san ita ke da nasara. Na zare kaset ɗin na sa biro na mayar da shi baya don kada batir ya ƙare. Na saurare ta har na haddace inda take jan numfashi.

A tashar Agoè akwai rumfar mai sayar da kaset, nan samarin unguwa ke shimfiɗa kwali suna juyi da kai a ƙasa. Sun ce su 'yan hip-hop ne. Ingilishin da suke yi ko mai shi ba zai gane shi ba, sauti kawai suke taunawa su tofar. Na je da wandon yayana a ƙarƙashin zane, da hular hana-sallah a kan ɗankwali, na ce ina so in yi. Babbansu, wani dogo mai tabarau ko a inuwa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yana sirka Faransanci:

"Bon, ba laifi. In mun gama baiti ke sai ki ce *ooo-ooo*. Mata amshi suke yi."

Na ce ina da nawa baitin. Na yi musu da Hausa. Ban kai rabi ba suka kwashe da dariya har ɗaya yana dukan benci. Dogon ya ce:

"Wannan rap ne? Wannan ai faɗan bakin famfo ne, ma soeur! Je ki ɗauko bokiti."

Na tafi ina huci, amma a hanya na gane cewa wawan ya faɗi gaskiya bai sani ba. A bakin famfo na koyi saurin baki. Duk wanda ya taɓa jin matan Zango biyu suna rigima a kan layin ruwa ya san ba a numfashi sai an kai aya, kuma kowace magana tana faɗuwa daidai kan ta baya. Ganga ma ba sai na roƙi kowa ba. Ƙawayena biyu na maƙwabta in suka haɗu a turmi ɗaya suna lugude, kiɗan da taɓarensu ke bayarwa ya ishe ni. Daga ranar ban ƙara taka rumfar nan ba. Suna daka ina zuba baiti, har gero ya yi laushi.

Abin da zan yi waƙa a kansa kuwa yana zaune da mu a gida. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, kowace unguwa tana da ƙungiyar animasiyon, wato mata da 'yan mata a cikin anko suna rawa suna rera yabon shugaba duk ranar da wani babba zai zo. Gwaggo ce shugabar matan unguwarmu. Tana da usur a wuya. Kowace Laraba da yamma sai ta tattara mu a fili, hannu sama, ƙugu hagu, ƙugu dama, wadda ta yi sanyi ta sha ranƙwashi. Ta fi kowa ɗaga murya, ta fi kowa washe baki.

Ni kuma ina tuna wata Gwaggon daban. Ina 'yar shekara shida aka rushe tsohon Zango na cikin gari aka watso mu nan bayan gari, inda a lokacin babu komai sai ciyawa da sauro. Ranar da katafila ta shigo, Gwaggo ba ta ɗauki tukunya ba, ba ta ɗauki akwati ba. Ƙofar ɗakinta ta ɓalle, ta katako mai nauyi wadda mijinta marigayi ya sa aka sassaƙa, ta ɗora a ka tana tafe tana tsine wa waɗanda suka yi wannan aiki har jikokinsu. Ina riƙe da bakin zanenta. Ƙofar tana nan jingine a bayan gadonta, domin ba ta shiga kowane ɗaki na sabon gidan ba. Matar da ta yi wannan tsinuwa ita ce ke busa mana usur mu yi wa masu katafilar rawa. Abin yana ci mini rai, kuma ba wanda zan gaya wa, don a lokacin ko da miji da mata sai sun rage murya.

Sai na yi waƙa. Farkonta ke nan:

*Ran da katafila ta shigo Zango da safe,*
*wa ta ɗauko ƙofa a ka, ta bar tukwane a kife?*
*Yau ga ta cikin anko, ƙugu na kaɗawa,*
*wanda ya rushe ɗakin shi take yi wa rawa.*

Tana da tsawo, kuma ban bar kowa ba. Na taɓa Gwaggo, na taɓa usur ɗinta, na taɓa sojan da ke karɓar goro a shingen hanya, na taɓa hoton shugaba da ke rataye a kowane shago. Ina so in ji yadda muryata take daga waje, ko sau ɗaya. Wata Asabar da manya suka tafi suna, na kira ƙawayena suka kafa turmi, na juya kaset ɗin Yaya na ɗauka a bayansa. An riga an ɗauki saƙon manya a fuskar farko, direba kuma sai Talata zai zo. Na ce in saurara kwana biyu in goge.

Direba ya zo ranar Litinin ina lekol. Gwaggo ta buɗe rikoda da kanta, ta zare kaset, ta naɗe shi a tsumma ta ba shi.

Mako uku na yi ina jiran dawowar kaset ɗin. Kowa ya san sojojin iyaka a Aflao suna buɗe kaya, kuma in sun ga kaset wani lokaci sukan sa a tasu rikodar don nishaɗi. Da yawansu 'yan arewa ne, suna jin Hausa sarai. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko soja ne. Na kalli babana yana alwala, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a kan kowa ba, na ƙiyasta shi a bayan motar soja. Ban gaya wa kowa ba.

Kaset ya dawo lafiya. Aka shimfiɗa tabarma, mata suka kewaye, na danna. Yaya ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ba da labarin haƙoran jaririnta da tsadar masara. Har na fara sakin jiki. Sai ta yi dariya ta ce:

"Af, na kusa mantawa. Bayan kaset ɗin ban taɓa shi ba, don matan gidanmu sun ce kar a goge. Kullum sai sun sa na kunna musu. Ku juya ku ji aikin ƙanwata, wallahi yarinyar nan bakinta reza ne!"

Yayata mutuniyar kirki ce, amma Allah bai ba ta lissafi ba. A Accra take, ta manta a inda muke.

Kowa ya juyo yana kallona. Na ce batir ya yi sanyi.

"Juya," in ji Gwaggo.

Da hannuna na juya shi, da yatsana na danna. Taɓare suka fara, sai ga muryata ta cika tsakar gida. Zan faɗi gaskiya: a cikin tsoron nan duka, wani ɓangare na zuciyata yana cewa kai, na iya. A baitin ƙofa wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da mayafi. Da aka zo kan soja da hoto dariya ta ɗauke. Wata ta tashi ta rufe ƙofar gida. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Gwaggo ba ta motsa ba har waƙar ta ƙare. Sannan ta miƙa hannu ta zare kaset ɗin, ta cusa shi a lalitarta, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wanda ya ji komai a gidan nan. Gaisuwa aka aiko, mun amsa."

Na jira duka, bai zo ba. Da ma dukan ta yi.

Washegari da hantsi ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, ƙofar nan a bayanta.

"Ke, kin san abin da ya ƙetare Aflao sau biyu? Kan ubanki ne a cikin tsumma. Ke kin ga rawa. Ba ki ga takardar filin gidan nan ba, wadda har yau ba a sa mata hannu ba. An tashe ni sau ɗaya, ba za a ƙara ba, ko da zan yi rawa tsirara."

Babu abin da ya fi ciwo kamar wanda ka tsana ya faɗi gaskiya.

"Haushin kare ne abin naki," ta ce, "amma haushin yana da kiɗa. Wata mai zuwa manya za su zo fili. Matan unguwar Bè-Kpota kullum su ke cinye mu a gasa, don sun fi mu ganguna. Wannan abin ba su da shi. Za ki yi mini irinsa sak, da turmin da komai, amma na yabo."

"Gwaggo, ba na yabo."

"Za ki koya. In kin yi, kaset ɗinki ya dawo hannunki. In ba ki yi ba, ubanki zai saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma kin san daga ranar kin gama lekol, kin gama fita, kin gama buɗe baki. Zaɓi."

Ba ta neme ni don ta ga ina da baiwa ba. Ta kama ni ne kamar yadda ake kama kaza a fuka-fuki. Wannan shi ne gano ni ɗin da take faɗa wa baƙi.

Na so waƙata ta dawo. Ita kaɗai ce abin da na taɓa yi wanda ba wanda ya sa ni, kuma a kaset ɗin nan kaɗai take da murya. Saboda haka na zauna na tsara yabo. Na kira shugaba, mutumin da ban taɓa gani ba, uba, na kira shi inuwa, na ce shi ya kawo mana ruwa da zaman lafiya. Na yi niyyar in yi shi lami, bakin nawa ya ƙi. Ban iya yin baiti mara kyau da gangan ba. Gwaggo ta hana ni wando da hula, ta sa aka ɗinka mini anko mai fuskar mutumin a ƙirji da kuma a mazaunai.

Ranar ta zo, rana tsaka, fili cike. Manya a ƙarƙashin rumfa suna fifita da takarda. Aka shigo da turmi huɗu, mata takwas suka kama taɓare. Gwaggo ta busa usur ta miƙo mini makirfo. Ban taɓa riƙe shi ba. Da na yi magana na ji muryata ta fita ta daki bangon makaranta ta dawo, sai duk tsoro ya bar ni. Na zuba. Fili ya ɗauki ihu. Wani babba ya miƙe tsaye yana tafi. Na hango dogon nan mai tabarau a kan katanga, ya cire tabarau ɗin, baki buɗe. Kuma na ji daɗi. Wannan ne abin da ban taɓa yafe mata ba, ban kuma yafe wa kaina ba: na ji daɗi har cikin ƙashina, ina tsaye da fuskar mutumin a ƙirjina ina faɗin abin da na san ƙarya ne.

Muka cinye matan Bè-Kpota. Aka kira Gwaggo rumfa ta gaisa da manya hannu da hannu.

Da yamma ta cika alkawari. Ta jefo mini kaset ɗin a kan tabarma ta ce, "Ga kayanki." Na shige ɗaki da rikoda, na juya bayansa, na danna.

Usur na fara ji. Sai taɓare takwas, sai ihun fili, sai ni ina kiran mutumin uba.

Ashe duk shekarun nan da take kallon yatsuna koyo take yi. Ta tafi fili da rikodar a ƙarƙashin mayafi, ta danna ja da baƙi tare, ta ɗauki yabon a kan waƙata. Ba ta sa wa'azi ba, ba ta bar shi shiru ba. Muryata ta sa ta goge muryata. Na zauna ina ji har tafi ya ƙare, na ji ƙarar maɓalli inda ta tsayar. Yabon bai kai waƙar tsawo ba. A wutsiya, kamar yadda na fara jin matar nan mai Ingilishi, taɓare biyu suka dawo, sai ga ni ta da, baiti biyu kacal suka tsira:

*Ni ba 'yar amshi ba ce, ku ji da kyau,*
*abin da na gani shi zan faɗa, jiya da yau.*

Kaset ya ƙare. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na fito na same ta tana cin goro. Na ce, "Gwaggo, kin ce za ki mayar mini."

"Kaset na ce. Ga shi a hannunki. Ranar Talata a aika wa yayarki, matan gidansu su ji sabuwa."

Haka aka yi. Shekara biyu ina yi mata yabo a fili, har lokacin ya juya aka daina animasiyon, usur ya shiga akwati. Daga baya na yi nawa waƙoƙin, na hau dandamali da wandona da hulata, na sha zagi daga masu wa'azi da masu tabarau, ban fasa ba. Amma duk wanda ya girme ni a Zango, idan ya gan ni, yabon nan yake fara tunawa. Wasu har rera mini suke yi, wai suna yaba ni. Waƙar ƙofa kuwa mata goma sha wani abu ne suka ji ta a Lome, kuma an ce musu ba su ji ba.

Bara na je gaishe ta. Ba ta iya tashi yanzu. Takardar filin ta fito tuntuni, gidan ya zama bene, ƙofar tana nan a bayan gadonta, gara ta ci gindinta. Ta gama gaya wa wata baƙuwa yadda ta gano ni, baƙuwar ta tafi, muka rage mu biyu. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ke, yi mini waccan. Ta ƙofa. Sau ɗaya na ji ta."

Ina da ita duka a kaina, baiti bayan baiti, har inda taɓarya ke faɗuwa. Ban taɓa rasa kalma ɗaya ba. Na gyara mata filo, na ja mata bargo.

Na ce, "Na manta, Gwaggo. Ai an goge."